Ranar da Aka Auna Jinin Layinmu

Saura kaɗan in ƙi rubuta wannan labari. Karatuna a firamare ya tsaya, a can ɗin ma ni ce wadda malami zai kira, ta sunkuyar da kai har ya gaji ya wuce. Sista ce ta matsa mini, wato nas ɗin ƙaramin asibitin da ke ƙarshen layinmu. Da farko cewa ta yi in je in tsaya gaban mutanen layin baya in ba su labari da bakina. Na ce mata ko da wasa. Ta ce to in rubuta, ita za ta karanta musu. Shi ne na zauna.

Shiru ake ce mini a layinmu. A shagon ɗinkin Anti nake aiki, ni ke sa maballi da zif. Kujerata tana can ƙurya kusa da labulen gwaji, inda nake ganin kowa ba mai ganina. Layin kuwa ba abin da babu: masu walda, kanikawa, gidan burodi, mai aski, masu gyaran waya, sai shagon Baba Mai Agogo, wanda shi ne shugaban ƙungiyar 'yan layi.

Inna, mahaifiyata, tana da ɗan tebur a bakin shagonmu, tana sayar da zare da allura. Ciwon suga gare ta. Shan tsallake take yi wa maganinta, ta sha yau, gobe ta ce jikinta garau, don dai kwalin ya daɗe. In na yi magana ta ce, "Duk layin nan ba ki iya magana da kowa ba, sai a kaina bakinki ke buɗewa?" Ran nan ina share shago na hango fil a maƙale a tafin ƙafarta. Tun safe take yawo da shi ba ta ji ba. Na cire, ta yi dariya, ni kuwa ban yi ba.

Ana cikin haka Baba Mai Agogo ya bi shago-shago da albishir. Ya ce wani kamfanin inshorar lafiya ya yarda ya ɗauki layinmu a dunƙule. Kowa zai riƙa zuba ɗan wani abu duk wata. In jiki ya motsa, wurin Sista za ka fara zuwa, ba babban asibiti ba; in abin ya fi ƙarfinta, ita za ta tura ka gaba. Magani irin na Inna yana ciki, har da gwajin jini da duba ƙafa. Ranar don murna sai da na sa wa rigar wani mutum maballi kala biyu. Anti ta ɗaga rigar sama ta ce, "Shiru, wannan sabon yayi ne ko miji kika samu?"

Da aka taru da yamma, Baba ya gyara gilashinsa ya ce, "Abin arziki ya zo mana, to mu nuna mun samu tarbiyya. Ku matasa Allah ya ba ku lafiya, kada in ga kuna yi wa manya rububi. Ku ja baya. A fara da tsofaffi da masu lalura."

Kowa ya ce haka ne. Ni ma na gyaɗa kai daga bayan Anti. Ai ko a mota ne tashi kake yi ka ba babba kujera. Nan da nan layi ya ɗauki zumuɗi, kowa ya koma gida yana neman wanda ya fi jin jiki a danginsa. Mai aski ya kawo surukinsa mai tari. Anti ta kawo gwaggonta mai ciwon gwiwa. 'Yan gidan burodi kuwa a kan kujera suka ɗauko mahaifiyar maigidansu, suna ta "a ba mu hanya, a ba mu hanya", ita kuma tana ɗaga wa mutane hannu.

Matar da kamfanin ya turo ta zo ranar da aka yi alkawari, doguwa mai fara'a, da jaka a kafaɗa. A ɗakin ajiya na bayan shagon Baba aka jera benci. Ta shigo da murmushi, ta dubi bencin farko, ta dubi na biyu, sai murmushin ya fara guduwa.

"Baba, ina sauran mutanen?"

"Ai ga su nan, 'yata," in ji Baba, yana ta jin daɗi. "Mun tace miki su tsaf. Ba mu kawo miki mai lafiya ko ɗaya ba, kada a ce mun yi almubazzaranci. Duk wanda kika gani a nan da gaske yake bukata."

Surukin mai aski ya ƙara da tari mai ƙarfi, kamar yana ba da shaida.

Ta ajiye jakarta ta zauna. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Baba, abin da kowa ya zuba a wata, da shi ake biyan maganin wanda ya kwanta a watan. Masu lafiya su ɗauki mara lafiya yau, gobe shi ma ya ɗauki wani. To in duk ɗakin nan za su kwanta tare, wa zai ɗauki wa? Ga magani kullum tsada yake ƙarawa. Akwai layin da muka karɓa a haka, ba a je ko'ina ba abin ya rushe, aka bar tsofaffin da kati a hannu ba magani."

Baba ya cire gilashi ya goge, ya mayar.

Ta ce za ta dawo ƙarshen wata tare da Sista, a yi rajista a auna kowa. In matasa masu lafiya ba su fi tsofaffi yawa ba, manyanta ba za su sa hannu ba, ba kuma laifinta ba ne.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma layinmu ba ya ganin abu ya ƙyale. Kafin gari ya waye an raɗa wa abin suna, wai Ƙungiyar Sannu-da-jiki. Duk wanda aka gani yana magana da Baba sai a bi shi da "sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi". 'Yan matan shagonmu suka ce su kam ba da su ba, haka kawai a gan su a layin marasa lafiya labari ya kai kunnen samarinsu. Wanda ya fi kowa baki shi ne Guduma, babban mai waldan layin, ƙato ne wanda ke ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai. Yana tsaye a bakin rumfarsa yake cewa, "Ni rabona da asibiti tun ranar da aka haife ni, ranar ma ba ni na kai kaina ba. In zuba kuɗi don wani tsoho ya yi tari da kyau?"

Baba ya sake bin shaguna yana roƙo, amma ana ce masa, "Baba, ai kai ka ce mu ja baya. Mun ja."

Ni ma na gwada. A bayan labule na haddace abin da zan faɗa, na maimaita har ya zauna. Na tafi rumfar walda na tsaya. Guduma ya ɗaga baƙin gilashin fuskarsa ya ce, "A'a, Shiru! Lafiya? Ƙofa za a yi miki ko taga?" Duk yaran aikinsa suka juyo. Na ce, "Anti ce ta ce a gaishe ku." Na dawo da sauri har ina tuntuɓe.

Ranar ta zo. Sista ta ce ɗakinta ya yi kaɗan, don haka a tsakiyar layi aka kafa tebur ƙarƙashin wata babbar lema, da kujera ɗaya ta wanda za a auna. A kan teburin ga na'urar awon jini, ga ma'aunin nauyi a ƙasa. Tsofaffinmu suka zo da wuri cikin kayansu masu kyau suka cika benci. Matar kamfani ta ce su yi haƙuri, da matasa za a fara.

Ba wanda ya fito. Kowa yana bakin shagonsa yana aikin da ba aiki ba. Mai aski yana ta goge madubin da ya riga ya goge. Kanikawa sun shige ƙarƙashin mota ɗaya su duka, sai ƙafafu kake gani. Rana ta ɗaga, inuwar lema ta matsa, Sista ta ja teburin ta bi ta. Matar kamfani ta duba waya, ta sake dubawa, daga nan ta fara mayar da kayanta jaka a hankali.

Ina tsaye a bayan bencin Inna. Ta juyo ta ce, "Taso mu koma, teburina ba kowa. Dama abin ba rabonmu ba ne."

Ta miƙe ta fara tafiya. Sai na ga takalminta ɗaya a ƙarƙashin benci. Tana takawa a kan ƙasa mai zafi da ƙafa ɗaya ba takalmi, ba ta ma sani ba.

Ban san lokacin da na fita ba. Abin da na sani shi ne na ɗauki takalmin na sa mata, na mayar da ita benci, sai kawai na ga ƙafafuna sun nufi lema. Layin da nake bi ta gefen bango kullum, yau ga ni a tsakiyarsa. Ƙarar walda ta tsaya. Wani ya ce, "Kai, ku zo ku gani, Shiru ce!" Na kai kujera na faɗa a kai.

Matar kamfani ta fito da kayanta da sauri. Ta tambayi sunana, sai da na faɗa ta ce in ƙara ɗaga murya. Sista ta naɗe mini hannun riga ta ɗaura abin awon a dantsena. Don kada in ga idanun mutane, sai na ƙura wa ɗinkin abin ido, ina cewa a raina wanda ya yi shi ya iya kalmasa. Ya matse, ya matse, ya saki.

Sista ta dubi na'ura, ta dube ni.

"Ƙanwata, gudu kika yi kafin ki zo?"

Na girgiza kai.

"To zuciyarki kam gudu take yi. Ya hau sosai."

A hankali ta faɗa, amma lokacin mutane sun riga sun kewaye mu. Matashiya ɗaya da ta fito, ita ma ga abin da aka samu. Na ce shi ke nan, na ƙarasa kashe wa Inna maganar da hannuna.

Guduma ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Kun gani ko! Ashe ita ma 'yar Sannu-da-jiki ce! Shiru, Allah ya ƙara sauƙi!"

Wallahi ban shirya ba. Baki ne kawai ya buɗe. Na ce, "To kai zo a auna naka mana."

Ba da ƙarfi na faɗa ba, amma ya faɗo daidai lokacin da dariya ta lafa. Mai aski ya yi tsalle da almakashi a hannu. "Jama'a kun ji? Shiru ta yi magana! Guduma, da kai take!"

Layi ya kaure da ihu. Anti ta fito da tef a wuya tana tafa hannu. Kanikawa suka fito daga ƙarƙashin mota. Ogansu ya goge hannu a wando ya ce, "Ku bar mai walda, tsoro yake ji. Sista, zo ki ga jinin maza." Ya miƙa hannu.

Matar kamfani ta dafe na'urar. "Ba a auna wanda bai shiga ba."

"To shigar da ni mana! Ina ake sa hannu?"

Aka auna shi. Sista ta raɗa masa a kunne, shi kuwa ya miƙe ya ɗaga hannu biyu sama. "Lafiya lau! Ta ce kamar sabon inji!" Kanikawa suka ɗauke shi sama. 'Yan gidan burodi suka ce ba za a yi ba su ba, su da ke kwana gaban wuta ma sun fi kowa lafiya, suka fito da fulawa a gira suka yi layi. Masu gyaran waya suka rufe shago. 'Yan matan shagonmu da suka ce ba da su ba, sai ga su suna ture juna, ɗaya tana cewa a bar ta ta cire ɗankunne kafin ta hau ma'auni. Sista tana ta cewa, "Abin sirri ne fa, ba sai kun faɗa ba," amma wa ke jin ta? Duk wanda ya tashi sai ya yi shela, shagonsu ya ɗauki tafi. Tsofaffi a benci suka zama alƙalai. Gwaggon Anti ma ta manta da gwiwa, tana tsaye tana cewa a sake auna mai aski, ta ga ya riƙe numfashi.

Ni ina gefe, hannun rigata a naɗe har lokacin, ina dariya ina rufe baki.

Guduma ya bari sai da layi ya yi tsawo, sannan ya ratsa ya ce a matsa, babban yaya ya zo. Da kyar abin ya zagaye dantsensa. Yana zaune yana kashe wa mutane ido. Na'ura ta matse ta saki. Sista ta ƙura wa na'urar ido. Ta ce ya huta kaɗan, ta sake. Ta koma ɗaya hannun. Daga nan ta matso da kujerarta ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, ta daɗe.

Ana jira ya yi shela. Ya zauna yana kallon hannunsa.

"Wai nawa ya hau," in ji shi, da wata murya da ban san yana da ita ba. "Ba irin na Shiru ba. Wai na gaske." Ya shafa ƙeya. "Ciwon kan nan da nake yi, na ɗauka hasken walda ne."

Ba wanda ya ce masa sannu da jiki. Ni dai ido na kai kan matar kamfani, ina tsoron kada ta ce an ƙara mata wani mara lafiya. Sai na ji ta ce, "Malam, irinka muke so mu kama yanzu. Ƙwaya ce za ka riƙa sha da safe, ka riƙa leƙa Sista tana dubawa. Ya fi mana sauƙi, ya fi maka, da a ce wata rana an ɗauko ka daga rumfa ranga-ranga."

Guduma ya miƙe. Ya juya wajen masu aikinsa, waɗanda har lokacin ba su shiga layi ba suna jiran su ga abin da zai yi. "Ku kuma me kuke kallo? Duk wanda bai zauna kujerar nan ba, kada ya sake taɓa mini ƙarfe."

Daga nan layin ya canja. Ihun ya ragu amma mutane suka ƙaru, don kowa ya ce in har Guduma ne, to ba wanda ya san abin da yake ɗauke da shi. Wasu suka koma gida suka kira matansu da ƙannensu. Sai da aka aro wa Sista wani tebur.

Wajen la'asar matar kamfani ta ɗauki waya ta koma gefe. Tana magana tana kai da kawo, mu kuma idanunmu na bin ta kamar masu kallon ƙwallo. Inna ta riƙe hannuna, abin da ba ta saba yi ba. Da matar ta gama ta dawo, ta tsaya gaban Baba Mai Agogo tana kallonsa, har sai da ya cire gilashi. Sannan ta yi murmushin nan nata na ranar farko.

"Baba, a kawo tsofaffin."

Ihun da aka yi, na tabbata layin baya sun ji. Anti ta rungume ni har tef ɗinta ya shaƙe ni. Baba ya hau kan benci yana ɗaga hannu a yi shiru, ya ce, "To yanzu dai, matasa ku ja baya, a fara da manya!" Aka kwashe da dariya, shi ma yana yi har da hawaye.

Inna aka fara zaunarwa, mai aski ne ya ce haƙƙinta ne. Da ta taso ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe kina da baki."

Na ce, "Na ara ne, Inna, na mayar."

Sista ta kira ni tana haɗa kaya. Ta ce nawa awon bai ƙare ba, ita tana zaton tsoron mutane ne, amma ba ta aiki da zato. In zo gobe da sassafe kafin a buɗe shaguna, in taho da Inna ba ta ci komai ba, a yi mata gwajin suga a duba ƙafar.

Washegari na riga Inna tashi. Na ɗauke kofin shayi daga gabanta tana mita, na duba tafin ƙafarta ɗaya bayan ɗaya, na sa mata takalma biyu da hannuna. Muka bi ta tsakiyar layi, shaguna duk a rufe. A bencin ƙofar asibiti muka tarar da mutum ɗaya ya riga mu, ya ja hula har gira. Guduma ne. Ya matsa ya ba Inna wuri.

Na ce masa, "Sannu da jiki."

Ya ɗago ya harare ni, sai dariya ta ƙwace masa. "Yawwa, Shiru. Na ci bashi, na biya."

Sista ta auna ni a bayan labule, ba kowa sai ni da ita, ta ce lafiyata ƙalau. Ta daɗe da Inna a ciki. Da suka fito, Inna na riƙe da maganinta a leda, Sista na ce mata ba tsallake daga yau, in ya ƙare a dawo a karɓi wani.

A tsarin Inna ranar tsallake ce. Muna isa shago na siyo burodi mai zafi, na haɗa mata shayi ba suga, na ɗebo ruwa a kofi. Ta ce in ajiye za ta sha an jima. Na ja kujerata daga ƙurya na kawo bakin ƙofa kusa da teburinta, na zauna na riƙe kofin har sai da ta haɗiye.